Ranar da Lasifikar Solgol Ta Yi Shiru

A Solgol ba zakara ke tashin mutane ba, Bong Chilbok ne. Kafin rana ta leƙo ta bayan dutse za ka ji lasifikar zauren gari ta yi ƙiiii, a yi gyaran murya, a hura wa makirufo iska, sannan ka ji shi:

"A! A! Ana ji na? Jama'ar Solgol, mai unguwarku ne."

Sai ka ce akwai wanda zai ce ba ya ji. Kuramen cikinmu ma sun ce a ƙirji suke jin sa.

Muryar nan ba a banza ya same ta ba. Da ƙuruciyarsa kifi mai gishiri yake sayarwa a bayan wata tsohuwar akori-kura mai lasifika a ka, kuma babu kwarin da bai shiga da ita ba a duwatsun lardinmu na Gangwon. A can garin Inje ya ga wata budurwa, Malsun. Ta fito sayen kifi, ta ɗaga ɗaya ta shinshina, ta ce masa wannan ya girme ta. Maimakon ya ji haushi sai ya dawo washegari, ya kuma dawowa jibi. Har yau 'Yar Inje muke ce mata, yadda ake kiran kowace matar aure da sunan garinsu. Idan aka tambaye ta me ta gani a jikinsa, cewa take yi ba ta ga komai ba, ta aure shi ne don ya daina tsayawa ƙofar gidansu yana ihu.

Da hanya ta gyaru, kowa ya koma sayen kifi a kanti, sai Chilbok ya ajiye mota ya kama noman masara da barkono a gonar mahaifinsa. Noman yana yi, amma kowa ya san ba nan zuciyarsa take ba. Ana nan sai wata safiya gari ya waye tsit, lasifika ba ta yi magana ba. Da shirun nan mutane suka gane tsohon mai unguwa ya rasu, don shi ke sanar da mutuwar kowa, tasa kuwa babu mai sanarwa. Bayan an yi makoki aka zauna zaɓen sabo, ba a ko daɗe ba aka miƙa wa Chilbok makullin zaure.

Tun daga ranar bai taɓa fashi ba. Ruwan sama, ƙanƙara, zazzaɓi, duk ɗaya. Shi ke faɗin taki ya iso, ma'aikaciyar lafiya za ta zo awon jini, aladen daji ya shiga gonar wane, an sauya lokacin motar safe. In rasuwa ce sai ya sassauta murya, ya faɗi sunan sau biyu. Yana kuma faɗin abin da ba a aike shi ba.

"Wanda ya ari tsanin zaure, na san shi, shi ma ya san na san shi. Ban dai faɗi suna ba tukuna."

Kafin hantsi za ka ga tsani jingine a bango.

Yara duk sun tafi birnin Seoul, har da ɗansa Gyeongho, sai mu tsofaffi muka rage, galibi kowa shi kaɗai a gidansa. Chilbok bai taɓa zama ya yi tunanin me muryarsa take yi wa mutane ba. Shi dai ya san idan ya riƙe makirufo, ya ji maganarsa ta bugi dutsen can ta dawo masa, ransa fari yake yi tas, shinkafar safe ma ta fi shiga.

Mutum ɗaya ne ba ya raga masa, Pyo Yongpal. Tare suka yi firamare, kuma da 'yan watanni kawai Yongpal ya girme shi, amma dole a ce masa yaya, in ba haka ba a yi rigima.

"Kai Chilbok," in ji shi, suna zaune a dakalin zaure, "yau ma kajina sun ƙi yin ƙwai saboda kai."

"Yaya, kajin nan tsufa suka yi kamar mai su."

"Ranar da bakin nan naka ya mutu, shanu zan yanka."

"Akuya ma ba ka da ita."

"Zan ara."

Yongpal ɗin nan ne ya ba da hayar gonar barkononsa ta bakin rafi ga wata mata, Tak Yeonju, wadda ta gaji da aikin ofis a Seoul ta tattara abin da ta tara ta zo. Kafin mu ankara an kafa fararen tantuna jere, kamar an kife manyan ƙore. Tanti fa, amma da gado mai katifa, da firji, da na'urar sanyaya ɗaki, har da banɗaki a ciki! Mu da muka ƙare rayuwarmu muna neman rufin da ba ya yoyo, sai ga 'yan birni suna biya don su kwana a cikin ƙyalle. Muka yi dariyarmu muka ƙoshi. Amma Yeonju yarinya ce mai ladabi, tana gaida kowa har ƙasa, masararmu take saye, ƙwai ma a wurin Yongpal take ɗauka. Ba a daɗe ba muka saba da hayaƙin gashin namansu da yamma.

Ba wanda ya kai Chilbok murna. Baƙi sun zo Solgol! Mutanen da ba su san ina ne gabas ba a kwarin nan, ga shi kuma shi ya san kowane lungu tun zamanin kifi. Ai rashin mutunci ne a bar su suna yawo da waya a hannu suna neman hanya. Ba tare da ya yi shawara da kowa ba ya jingina tsani a turken lasifika, ya hau da gwiwoyinsa masu ƙara, ya juya ɗaya daga cikin bakunanta huɗu ya fuskanci rafi sosai. Washegari bayan labarin taki sai muka ji sabon babi.

"Baƙinmu na cikin tantuna, kun tashi lafiya? Yau kasuwar garin ƙasa ke ci, wanda ya makara wainar waken nan za ta ƙare ya bar ni da kunya. Masu yara, rafi ya janye, ku zo ku ari akwatin gilashi a wurina ku kama katantanwar ruwa, ƙarƙashin duwatsu suke maƙalewa. Masu ƙarfin ƙafa ku hau zuwa gidan ibada na kan dutse, amma kada ku ɗauki hoton tsohon malamin yana shara, ba ya so. In kun sauko ku bi ta hagu ku ga ruwan da ke zubowa daga kan dutse, babu irinsa a lardin nan. Taliyar sanyi kuwa, gidan da ke bakin gada, kada wani ya ruɗe ku da wani wuri."

Gaskiya dai, ruwan nan da babu irinsa, in an kwana biyu ba a yi ruwan sama ba bai fi abin da buta ke zubarwa ba. Gidan taliyar bakin gada kuma na ƙanwar matarsa ne. Amma taliyar tana da daɗi, ba za a ci zalinsa ba.

Wasu baƙin sun ji daɗin abin, musamman masu ƙananan yara waɗanda dama ba a barin su barci. Su ne ke zuwa neman akwatin gilashi. Chilbok ya loda su a bayan 'yar taraktarsa ya gangara da su rafi, ya naɗe ƙafar wando ya shiga ruwa yana nuna musu yadda ake kifa gilashin a ga ƙasa. Yaran su yi ta tsalle in sun kama guda, da yamma 'Yar Inje ta dafa musu miyar da daddawar waken suya. Lokacin furen bazara ya tura su hanyar bayan makarantar da aka rufe. Da kaka ya tura su tsintar ƙwayar itace a gangaren dutse, yana gargaɗin su bar wa kurege rabonsa. Bai taɓa jin daɗin sarautarsa kamar wannan shekarar ba.

Abin da bai sani ba shi ne yawancinsu barci suka zo yi. Mutane ne da agogo ke kora tun Litinin, sun raba dare suna gashi da hira, burinsu su kai hantsi a kwance. Sai ga wani tsoho yana tambayarsu ko sun tashi lafiya tun gari bai gama wayewa ba. Ba sa yi masa magana, a waya suke rubutawa, inda masu neman wurin kwana ke dubawa kafin su zo. Wuri mai kyau, rafi mai kyau, amma kada ka je in kana son barci. Tantunan Yeonju suka fara kwana babu kowa.

Ta daɗe tana juya abin a ranta. Wata Juma'a da la'asar ta same shi a zaure shi kaɗai yana goge na'ura da tsumma. Ta miƙa masa kwalin lemon ƙarin ƙarfi da hannu biyu, ta rusuna. Tun daga kwalin ya san da magana.

"Baba mai unguwa, kunya nake ji, ban san ta inda zan fara ba."

"Fara ta ko'ina, 'yata. Wani ya yi miki wani abu? Yongpal ne?"

"A'a. Sanarwar safe ce." Ta sunkuyar da kai. "Baƙin suna kuka. Sun ce tana hana su barci. Na yi ta ba su haƙuri, amma sun daina zuwa, Baba. In aka ci gaba haka zan rufe."

Chilbok ya tsaya da tsumma a hannu.

"Har da ta kasuwa? Da ta rafi?"

"Asabar da Lahadi kawai nake roƙo. Sauran ranaku ka yi abinka."

Ya so ya ce ai don su yake yi. Ya so ya ce shi ya hau tsani da kansa. Amma ya dubi idonta ya ga ta rame, ga shi 'yar mutane ta zuba duk abin da take da shi a bakin rafin nan. Sai ya yi 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba.

"Haba, wannan ne abin kunya? Ba komai. Dama ni ma na gaji, hutu nake nema."

Ƙarya yake yi. Da ta fita ya ajiye tsumman ya zauna a ƙasa. Ba rashin kwana biyun ne ya fi ci masa rai ba, sanin da ya yi ne cewa duk watannin nan da yake ganin alheri yake yi, tsaki ake ja masa a cikin bargo. In baƙi suna yi, wa ya san ko 'yan gari ma haƙuri kawai suke da shi? Yau Asabar da Lahadi, gobe a ce ya ajiye gaba ɗaya. Kunya ta hana shi gaya wa kowa. Ko 'Yar Inje da ta ga ya bar rabin shinkafarsa ta tambaye shi, cewa ya yi cikinsa ne.

Asabar ya farka a lokacinsa. Har ya zura ƙafa ɗaya a wando sannan ya tuna. 'Yar Inje ta riga ta haura gona karyar masara kafin rana ta yi zafi. Ya cire wandon, ya koma shimfiɗa, ya miƙe sambal ya ja bargo har kansa. Wayarsa ta yi ƙara, ya cusa ta ƙarƙashin matashi. Ta sake, ya danne da kai. Su kira su gaji. Ya ji kamar an taɓa ƙofar gilashi, bai ko motsa ba.

Maƙwabciyarsa ce, 'Yar Wonju, tsohuwar da ta fi kowa shekaru a garin. Ta jira murya ba ta ji ba, ta dogaro sandarta ta zo ta leƙa, ta ga mutum miƙe an rufe shi har fuska. Ba ta tsaya tambaya ba. Wa za ta tambaya? Solgol ta san ma'anar shirun lasifika.

Chilbok yana kwance yana jiƙa da baƙin cikinsa sai ya jiyo kuka daga nesa, irin na mata masu yawa, yana matsowa. Ya buɗe ido a cikin bargo. Mutuwa aka yi! Haushi ya turnuƙe shi. Wato har an kai ga a mutu a garin nan ba a gaya masa ba? Kwana ɗaya tak da yin shirunsa?

Kukan ya shigo tsakar gidansa.

"Wayyo mai unguwa! Wayyo Chilbok, jiya fa na gan shi da tsumma!"

Sai ya gane shi ake yi wa kuka. Ya kamata ya tashi nan take, kowa ya san haka, shi ma ya sani. Amma mutum mutum ne. Ya lafe, ya kasa kunne.

"Mutumin da ko tari ba ya yi."

"Ni na ce jiya fuskarsa ba daidai take ba."

Can sai ga wata murya ta namiji, a shaƙe, tana karyewa. Da ƙyar ya gane ta, don bai taɓa jin ta haka ba.

"Ɗan banza mara kunya. Ni ne babba! Ni ya kamata in riga ka. Wa zai faɗi sunana yanzu? Chilbok! Wa zai faɗa?"

Yongpal ne. Chilbok ya cije bargo. Yana cikin tunanin ta yadda zai fito ba tare da ya zama abin dariya ba, sai ya ji ƙarar kwano ya faɗi, masara tana gangarawa a siminti. 'Yar Inje ce ta sauko daga gona, ita ma shirun ya koro ta, ta tarar da gidanta cike da baƙaƙen kaya, mata suka rungume ta. Ba ta yi kururuwa ba. Wani ɗan sauti ta yi, ƙarami, ta kira shi da sunansa tsirara, abin da ba ta yi ba tun suna saurayi da budurwa.

Bai san lokacin da ya banko ƙofa ba, daga shi sai singileti da gajeren wando.

Wata ta saki farin ambulan ɗin kuɗin gaisuwar mutuwa da ta riƙo. Yongpal yana tsaye cikin baƙin kwat ɗinsa da maɓalli ya daina kamawa, ƙafarsa sanye da takalmin roba na gona, fuska sharkaf. A bayansu ga Yeonju da silifas, ta biyo ayarin da ya ratsa ta gaban tantunanta, har da baƙi uku-huɗu cikin kayan barci suna miƙa wuya.

'Yar Inje ta dube shi daga sama har ƙasa. Ta sunkuya a hankali ta ɗauki masara guda mai nauyi, ta nufo shi.

"Uwar Gyeongho, tsaya in yi miki bayani..."

Ta sauke masa a kafaɗa. "Cikinka ne, ko?" Ta ƙara. "Ga cikin!" Tana duka tana hawaye, shi kuwa ko kare kansa bai yi ba.

Yeonju ce ta shiga tsakani, ta durƙusa tana kuka. "Ni ce, Inna, ni ce na ce ya yi shiru. Da na ji kukan na ce shi ke nan, baƙin ciki ya kashe shi, ni na kashe shi."

Nan zance ya fito fili. 'Yar Wonju ta buga sandarta a ƙasa.

"Ke yarinya, ni sai na ji muryar nan nake shan maganina. Yau ban sha ba. Akwai ranar da in ba shi ba, ba na jin muryar ɗan Adam har dare." Ta juya kan Chilbok. "Kai kuma, in za ka yi shiru ba sai ka sanar ba?"

"Ni dai ban yi kuka ba," in ji Yongpal, yana share fuska da hannun kwat. "Barkono na taɓa na sosa ido."

"Na ji, Yaya. Shanun fa?"

"Rufe mini baki. Je ka sa wando."

Dariya ta ɓarke, irin wadda ke zuwa bayan tsoro, har wasu na zama a ƙasa. Yeonju ta share ido ta ce ta janye roƙonta. Abu ɗaya kawai take so, bakin lasifikar da ke kallon rafi a mayar da shi inda yake da. Zancen kasuwa da rafi da gidan ibada kuwa, ya riƙa zuwa da ƙafarsa da hantsi, lokacin da baƙi ke shan kofi a ƙofar tanti, ya gaya musu baki da baki. Wani daga cikin masu kayan barcin ya ce in haka ne shi ma yana son jin inda ake samun taliyar nan.

"Bakin gada," in ji Chilbok da sauri. "Kada wani ya ruɗe ka."

Sai dai akwai gidajen can saman kwari da labarin mutuwar ya riga ya isa, na tashin bai isa ba. Don haka ya sa wando, aka rankaya zaure gaba ɗaya, masu baƙaƙen kaya a baya, shi a gaba, 'Yar Inje tana gefensa riƙe da gefen rigarsa kamar zai gudu. Ya buɗe ƙofa, ya kunna na'ura, ya hura iska.

"A! A! Jama'ar Solgol, mai unguwarku ne. Ban mutu ba. Wanda ya ɗora ruwan makoki ya sauke. Ina so in ce..."

Ya ɗago ya hango su ta taga, tsofaffin da ya yi zaton haƙuri suke da shi, tsaye a rana cikin kayan da suka saka a gurguje, kowa ya ɗaga kai yana kallon turken lasifika. Ya sake buɗe baki, sai kuka ya ƙwace masa. Mutumin da ya cika kwarin nan da surutu shekara da shekaru, sai ga dukan Solgol, daga bakin rafi har gidajen sama, suna sauraren shesshekarsa.

Sannan aka ji motsi, aka ji muryar 'Yar Inje ta fito tar a lasifika, karo na farko a tarihin garin.

"Yana nan, lafiyarsa ƙalau, kuka yake yi. Ku je ku ci abinci. Gobe da safe za ku ji shi."